Tabarmar da Aka Shimfiɗa a Gefen Fijo

Unguwar Gai, Kibiya
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Kawu Ishiyaku, Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Inna Jumai tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Ta ce in tambayi ɗan baffanta ya kunnen. Salma da yara lafiya lau. Na san bugun guduma na shekara arba'in ya cinye maka ji, kuma ka ce rubutun waya ƙanana ne ba ka gani, shi ya sa na ba Gwadabe direba wannan takarda. In ya sauke shanu zai biyo ta gareji.

Kawu, shawara nake nema. Bana tumatir ya yi kyau a fadama, amma rabinsa a bakin titi ya ruɓe ina jiran motar Kano. In ta zo a cike take, in da wuri kuma direba ya faɗi abin da ya ga dama. Na gaji. Ina so in sayi mota tawa, ko tsohuwa ce, in riƙa kai kayana da na maƙwabta, ranar kasuwar Kibiya kuma in ɗauki fasinja.

Abin da zan sayar shanun huɗata ne, Ja da Fari. Ka san 'ya'yan saniyar da Baba ya bari ne, ba ni da wata dukiya bayansu. Tunanina in motar ta yi aiki daga yanzu zuwa faɗuwar damina, sai in mayar da wasu. Da na gaya wa Inna, sai ta daɗe tana kallon turke.

Akwai wata tsohuwar Fijo doguwa a hannun wani dattijo a Rano. Ta girme ni, amma daga waje tsaf take. Kai ka san cikin mota, ni tuƙi kawai na iya. Ka gaya mini abin da zan duba.

Ɗanka,
Shitu

Sabo, Ibadan
26 ga Janairu

Shitu,

Wa alaikumus salam. Lafiya nake, sai kunne da ya yi tafiyarsa, ido ma ya fara shiri. Ka gaishe da Yaya Jumai, ka ce mata ta daina zuwa rijiya da wannan ƙafa.

"Daga waje tsaf take." Nan na ajiye takardar na sha ruwa. Kai yaron nan, fenti za ka tuƙa? Ka saurara, don sau ɗaya zan rubuta, hannuna ba na malamin makaranta ba ne.

Ka je da sassafe ba tare da ka aika ba. Kafin a tayar da ita ka ɗora tafinka a kan injin. In da ɗumi, an riga ka, an ɗumama ta don ta tashi bugu ɗaya. Ka koma gida ka sake zuwa wata rana. In ta tashi a sanyi, ka zagaya baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inda bai kamata ba, wannan ka yi sallama ka tafi. Ka zaro ƙarfen auna baƙin mai ka murza a yatsa, in ka ji kamar yashi, injin ya ci kansa. Ka buɗe lagireto, inda ake zuba ruwa, in ka ga abu kamar kindirmo a bakin murfin, nan ma sallama.

Ka tafi da maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar rediyo ne. Ka bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne, ƙullun masu gyaran bodi ne aka cike rami aka shafe da fenti. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga ko ana hango titi. Ka tuƙa ta a gargada, ba a kwalta ba, ka sa kowace giya ka ji ko tana fita da kanta. Lambar da ke jikin ƙarfe ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi.

Duk wannan ƙarami ne. Inji ana gyarawa, giya ana canjawa, kuma kayan irin wannan mota har gobe ana samu a Kano. Babban shi ne ka kwanta a ƙasa da tocila ka shiga ƙarƙashinta. Akwai ƙarafa biyu dogaye da suke ɗauke da ita daga gaba zuwa baya, su muke kira shasi. Ka bi su da ido da hannu. In ka ga walda a inda ba na kamfani ba ne, ta taɓa karyewa, kuma a nan za ta sake karyewa ranar da ka yi mata lodi. Na ga mutum nawa sun sayi mota a tsaye da farar riga, sun dawo mini da ita a bayan wata motar.

Batun shanu ba na so, amma ba ni ne tumatir ya ruɓe wa ba. Abu ɗaya: kada ka kwance su daga turke sai bayanka ya sha ƙasa a ƙarƙashin motar nan.

Kuma wane dattijo ne a Rano da ba shi da suna? A Rano na koyi aiki, babu mai tsohuwar Fijo da ban sani ba.

Kawunka,
Ishiyaku

Unguwar Gai
9 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura, ta warke. Na karanta wasiƙarka har na haddace, maganaɗisun ma na samu.

Ka kama ni. Dattijon baban su Salma ne. Bai ma sa motar a kasuwa ba, masallacin Juma'a kawai yake zuwa da ita. Ni na sa Salma ta yi wa innarta magana cewa ina so, sai da aka yi kwana goma amsa ta zo, wai in je in gani.

Na je da sassafe kamar yadda ka ce, amma Kawu, gidan suruki ne. Tun daga bakin layi na cire takalmi. Shekara tara da auren nan ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba, in muna magana ƙafarsa nake kallo. Aka kawo koko da ƙosai, na kasa ci. Daga nan ya kai ni rumfar da motar take, ya ɗauko wata tsohuwar tabarma da hannunsa ya shimfiɗa a gefenta, dab da taya, ya ajiye tocilarsa a kai. Ya ce zai je ta'aziyya bayan kasuwa, zai ɗan daɗe, in yi haƙuri. Ya bar makulli a jiki ya fita.

Na zauna a tabarmar ina jiransa. Ya fi awa guda. Maganaɗisu na aljihuna, amma ta yaya zan yi ta laluben motar mutum kamar ina zarginsa? In matan gida suka leƙo suka ga mijin Salma kwance a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin motar ubanta fa? Ko bonet ban taɓa ba. Da ya dawo na ga ya kalli bayan rigata, ban san dalili ba. Na yi godiya na ce zan yi shawara.

Kawu, ina son motar nan, kuma ba zan iya yin abin da ka ce ba. Yaya zan yi?

Shitu

Sabo, Ibadan
17 ga Fabrairu

Shitu,

Salam. Lafiya lau. A tsaye nake rubutu, Gwadabe ya tayar da mota yana yi mini nuni da agogo.

Ashe Alhaji Dalhatu ne. Na san shi tun yana direban gwamnati. Mutumin kirki ne, ba zai cuce ka ba, wannan ka sa a ranka. Kuma na fahimci nauyin da kake ji, ni ma na yi suruki. Ba sai ka zubar da mutuncinka a gidansa ba, akwai hanya. Sauran bayani na tafe.

Ishiyaku

Sabo, Ibadan
19 ga Fabrairu

Shitu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙaramar ta warware sarai. Wannan na ba wani mai goro da zai wuce ta Rano, don ba ta jiran dawowar Gwadabe.

Na sake karanta wasiƙarka a zaune, sai na ga abin da ban gani ba a tsaye. Haba Shitu. Wa ke shimfiɗa wa baƙo tabarmar zama dab da taya, alhali ga zaure? Wa ke ajiye tocila da hantsi? Wa ke barin makulli ya tafi ta'aziyyar awa guda? Tabarmar nan ta kwanciya ce. Direba ne, ya san abin da mai saye ke yi. Ya ba ka wuri ne, ya kawar da idonsa don kada ka ji kunya. Da ya dawo ya kalli bayan rigarka, ƙasa yake nema.

Kuma in mutum ya yi haka, akwai abin da yake so ka gani wanda bakinsa ba zai iya faɗa maka ba. Kai kana jin nauyinsa, ka ɗauka shi ba ya jin naka? Mijin 'yarsa ya roƙe shi abu karo na farko a shekara tara. Ba zai ce a'a ba, ba zai kuma ce motarsa tana da ciwo ba, don kada ka ɗauka hana ka yake so ya yi.

Da na ce ba zai cuce ka ba, shi nake nufi, ban ce komai a kan motar ba. Ga hanyar: Salma ta ari motar a ce za a kai Yaya Jumai asibiti, ka tsaya da ita a garejin da ba a san ka ba, ka kwanta. Ko kuma Salma ta tambayi innarta kai tsaye, 'ya tana iya tambayar abin da suruki ba zai iya ba. Kafin nan shanu su zauna a turke.

Kawunka

Unguwar Gai
3 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Muna lafiya, azumi ya zo da zafi.

Albishirinka. Na samu 'yar takardarka ta hannun Gwadabe, kuma wallahi ta sauke mini dutse. Tun da ka ce ba zai cuce ni ba, kuma ba sai na zubar da mutuncina ba, na ga babu abin jira. Na dakata kwana biyar ko sauran bayanin zai zo, ban gani ba, ga albasa ta kusa cira.

Na kai Ja da Fari kasuwa. Ban tsaya na ga wanda ya ja su ba, dillali na bar wa. Washegari na je Rano. Baban su Salma ya faɗi kuɗi, ya fi abin da na zata nesa ba kusa ba, yana faɗa yana kallon ƙasa. Ka san ba a tayi da suruki, na ce na saya. Sai ya ce, "Ka duba ta kuwa ran nan?" Na ce na duba. Ya ce, "Har ƙarƙashi?" Na ce har ƙarƙashi, don in na ce a'a kamar na raina karamcinsa ne. Ya ce to, tun da na gani na kuma yarda, Allah ya sa albarka, amma kada in yi mata lodi. Na san halin tsofaffi da abin da suka daɗe da shi.

Bugu ɗaya take tashi, Kawu, babu hayaƙi ko kaɗan. Jiya na kai Inna Kibiya a gidan gaba, tana ta addu'a. Gwadabe zai yi lodi a Wudil gobe, shi zai kawo maka wannan.

Ɗanka mai godiya,
Shitu

Unguwar Gai
20 ga Maris

Kawu,

Salam. Da rai da lafiya, alhamdu lillahi, babu wanda ya mutu.

Ranar Laraba waccan na ɗora albasa, tawa da ta mutum uku, ciki da sama. Mun wuce Nariya kaɗan na faɗa wani rami da kowace mota ke faɗawa kullum. Na ji ƙara kamar an sare reshe. Motar ta durƙusa a tsakiya, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, ta taga muka fito. Maƙwabcina ya goce a kafaɗa. Da igiya aka jawo ta gida, tana nan a ƙofar gida yara suna kallo. Bakaniken Kibiya ya leƙa sau ɗaya ya miƙe ya ce tsohuwar karaya ce, ba ta ɗaukar wata waldar.

Bayan kwana biyu mai goronka ya aiko da wasiƙar. Wai rashin lafiya ta kwantar da shi a Zariya. Na karanta ta a gindin turke.

Kawu, kai ka ce ba zai cuce ni ba. Da ba ka rubuta wannan layin ba, da shanuna suna nan. Ka gafarce ni, ban taɓa yi maka magana haka ba, amma raina a ɓace yake. Labarin tabarma kuwa, mutum yana da baki. In ya san a karye take, me ya hana shi faɗa? Ya karɓi kuɗin shanun marayu a kan ƙarfen da ya san ya mutu.

Ban je Rano ba, kuma ba zan je gaisuwar Salla ba. Salma tana kawo abin buɗa baki ta ajiye ta koma ɗaki. Sau biyu innarta ta aiko, na ce ba na nan. Saura wata biyu ruwa ya sauka. Gona tana nan, garma tana nan, karkiya na rataye.

Shitu

Sabo, Ibadan
6 ga Afrilu

Ɗana Shitu,

Wa alaikumus salam. Barka da Salla, barka da arziki. Ka duba mini maƙwabcin naka. An yi mini aikin ido, shi ya sa rubutun ya karkace. Wasiƙarka ta murna ina asibiti aka ajiye ta, sai na haɗa ta da ta baƙin ciki na karanta rana ɗaya.

Layin nan nawa ne, na ɗauki laifinsa. Shekara arba'in ina hana mutane ƙulla ciniki a tsaye, sai ga ni na rubuta maka rabin magana a tsaye. Ka yafe mini. Na yi kuka, ba na ɓoye maka, don ni na raka babanka sayen saniyar nan.

Amma akwai layin da ba nawa ba ne. Ya tambaye ka har ƙarƙashi, ka ce har ƙarƙashi. Daga wannan lokacin shi a saninsa ka ga waldar, ka yarda za ka lallaɓa ta. Ya ce kada ka yi lodi, ka ɗora albasar mutum huɗu. Kuɗin da ya tsawwala kuwa, na rantse korar ka yake yi, ya zaci za ka ce sun yi yawa ka janye da mutuncinka. Shi ma yana da laifi, ya kamata ya buɗe baki ko ta hannun matarsa. Ku biyu kun yi ta girmama juna har shanu suka tafi.

Ba zan ce ka je Rano ba, ka girma. In aka sake aikowa dai, kada ka ce ba ka nan. Kuma ka dubi Salma, uba ɗaya gare ta, miji ɗaya.

Kawunka

Unguwar Gai
25 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan idon ya washe. Inna lafiya, maƙwabcina ya koma aiki. Na daɗe ban rubuto ba, kunyar wasiƙata ta baya nake ji. Ka yafe mini kamar yadda na yafe.

Ba aikowa aka yi ba, da kansa ya zo. Ranar Alhamis da hantsi ina gyaran shinge, sai na hango dattijo tafe a ƙasa, tabarma a hammata, igiya a hannu. Ja ne a bayansa. Tun da aka ɗaura aurenmu bai taɓa taka gidana ba. Daga baya Salma ta gaya mini bai taɓa kuɗin ba tun ranar da na ba shi, kuma tun bayan Salla yake bin dillalai kasuwa kasuwa, har ya samu Ja a rugar wani Bafulatani bayan Nariya. Sai da ya yi zuwa uku kafin mutumin ya yarda ya sayar.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe. Ya ɗaure Ja a turke da hannunsa. Sannan ya nufi motar, ya shimfiɗa tabarmar nan dab da taya, ya cire hularsa ya ɗora a bonet. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, Kawu, ya kwanta ya ja jiki ya shige. Na tsaya kamar gunki. Sai na ji muryarsa daga ƙasa ya ce in shigo.

Na shiga. Muna kwance kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon ƙarfe, babu mai ganin fuskar wani. Ya haska tocila. Ga waldar nan baro-baro, kaurinta ya kai yatsa, ko maganaɗisu ba a bukata. Ya ce shekara goma sha biyu da suka wuce ta faɗa kwalbati da shi.

Ya ce, "Don ka ga wannan na shimfiɗa maka tabarma."

Na ce, "Na ɗauka ta zama ce, Baba. Kuma ƙarya na yi da na ce na duba."

Ya ce, "Na ga rigarka ba ƙasa. Na so in yarda ne, don yardar ta fi mini sauƙi da faɗa. Ka yafe mini."

Mun daɗe a wurin. Maganar da muka yi a ƙarƙashin motar nan ta fi duk wadda muka yi a shekara tara. Da muka fito ya sa hularsa, na koma kallon ƙafarsa. Salma tana bakin ƙofa tana kuka, ganin ubanta da ƙasa a bayan riga.

Injin da giyar lafiyarsu ƙalau, bakanike zai nemo masu saye. Baba ya ce a haɗa da abin da ya rage a hannunsa a nemi wani san, amma shanu sun yi tsada gab da damina, kuma sabon sa sai an koya masa garma. Bana dai rabin gonar zan iya.

Fari bai samu ba. An kai shi Wudil. Na kwatanta wa Gwadabe karyayyen ƙahonsa na hagu, ya ce ya tuna shi. Shi ya ɗauko shi zuwa Ibadan, ranar da wasiƙata ta albishir take aljihunsa.

An yi ruwan shuka shekaranjiya. Gobe zan haɗa Ja da san maƙwabci mu gwada. Ya rame, amma yana ci. Sai dai in na zuba masa harawa, nasa gefen kawai yake ci, ya bar na dama inda Fari ke tsayawa. Na gwada rage masa, Inna ta ce in ci gaba da zuba ta biyu.

Ɗanka,
Shitu